Ku Sha, In Ji Yallaɓai

Tun ranar da Malam Sharhabil ya dawo daga horon nan na kwana uku, ofishinsu na duba ruwan sha bai sake samun sakat ba. Wani otal aka kai su can wajen Unguwar Dosa, aka ɗauko musu wani ɗan gayu daga Abuja, kwat ta matse shi kamar ta ƙaninsa ya aro, wai ya koya wa manyan ma'aikata yadda ake magana da kwarjini a gaban jama'a. Hasiya ma ta je. Ba don an ga ta isa ba, a'a, an dai ce dole a saka mace ɗaya a jerin sunaye, ita kuwa ita kaɗai ce mace a ɗakin gwaji. Kwana uku tana kujerar baya tana sauraron abin da ke tayar mata da zuciya.

Dokokin ɗan gayun ba su da yawa. Ka ware ƙafafu, ka buɗe ƙirji. Kada ka kalli idon mutane, ka kalli goshinsu, su za su ɗauka idonsu kake kallo. Kafin ka saki babbar magana ka yi shiru, ka ƙirga uku a zuci. Uwar dokokin kuwa, wadda ya sa gardawa masu furfura suka yi ta maimaitawa da ƙarfi kamar 'yan firamare, ita ce: kome aka tambaye ka, kada ka kuskura ka ce ba ka sani ba. Hasiya ta yi ta jira har ranar rufewa ko zai ce a fara sanin abin da za a faɗa tukuna. Ina! Bai ce ba. Aka raba satifiket, aka ci shinkafa da kaza, aka watse.

Malam Sharhabil shi ne mataimakin darakta, kuma shi abin ya fi shiga jikinsa. Mutumin da a da in zai yi magana a taro sai ya yi ta gyaran murya yana cire hula yana share gumi, yanzu ko izinin fita zai ba ka sai ya ware ƙafa ya ƙirga uku. Har madubi ya sa aka kafa masa a bayan ƙofa. Duk wanda ya shiga kai masa fayil sai ya tarar da shi yana yi wa madubin jawabi, yana nuna shi da yatsa.

Da abin ya tsaya a kan madubi, da Hasiya ta yi dariyarta ta wuce. To amma ga maganar Rafin Guza.

Tun farkon damina yaran wani layi a Rafin Guza suke ta amai da gudawa. Mai unguwa ya rubuto takarda, aka tura Hasiya ta ɗebo ruwa ta gwada. Ba ta sha wahalar nema ba, don layin yayarta Turai ne, kuma kowa a layin wuri ɗaya yake ɗiba: bohol ɗin da Alhaji Ubaidullah, wani dillalin filaye, ya haƙa bara sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Niyyar ta alheri ce, wannan ba mai musu. Sai dai lokacin haƙawa dattawa suka ce a matso da shi jikin masallaci don masu alwala su huta. Aka matso da shi, aka ƙara matsowa, har ya zamana taku tara ne tsakaninsa da ramin banɗakin masallacin. Hasiya da ƙafarta ta auna. Da ruwan sama ya sauka ƙasa ta jiƙe sharkaf, abin da ke cikin ramin nan ya sami hanya.

Sau uku ta ɗebo, sau uku ta gwada, amsar ba ta canza ba. Ƙwayoyin cutar da ba sa fitowa daga ko'ina sai daga cikin ɗan Adam, su ne suka cika faifan gwajin, har in ta buɗe sai ta kau da kai ta toshe hanci. A ido kuwa ruwan garai-garai yake, ga sanyi. An yi wa tankin koren fenti, an rubuta sunan marigayiya da addu'a a jiki.

Abin da ya hana Hasiya sukuni shi ne Lubna, autar Turai, wadda ko shekara biyu ba ta cika ba. An riga an kwantar da yarinyar asibiti sau ɗaya, an yi mata ƙarin ruwa, ta dawo gida duk ta lalace, sai ido da kai. Likita ya ce in ta sake komawa a wannan hali, shi bai ɗauki alkawarin kome ba. Ranar da gwaji na uku ya fito Hasiya ba ta ko koma gida ba, ta hau keke-napep ta tafi ta gaya wa yayarta.

Turai ta girme ta da shekara goma sha ɗaya. Ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata tsarki, ita ta share mata majina. Wanda ya share maka majina kuwa, ko digiri nawa ka tara, da wuya ya yarda ka san abin da bai sani ba.

"Ke Hasiya, ki riƙa jin tsoron Allah," in ji Turai, tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ruwan sadaka ne fa. Saukar Alƙur'ani aka yi ranar da aka buɗe shi. Yarinya haƙori take fitarwa, duk yarana haka suka yi."

"Yaya, ki dai riƙa tafasawa."

"Gidan mutum tara? Kullum? Da wane gawayin? Ai an ce manyanku za su zo ranar Asabar. In babba ya ce a bari, sai a bari."

Ka ji inda maganar ta tsaya. Hasiya ta koma ta zauna ta rubuta rahoto shafi huɗu, ta sa hukuncin a layin farko don ko malalaci ya gani: a rufe bohol ɗin nan take. Ranar Litinin ta kai wa Malam Sharhabil. Ranar Juma'a ta shiga ofishinsa ta tarar da rahoton a ƙarƙashin ledar tsire, mai ya ratsa har shafi na uku.

Ranar Asabar bayan azahar suka shiga motar ofis. Malam Sharhabil ya zauna gaba, ya sauke ɗan madubin da ke saman gilashi yana gyara zaman hula.

"Hasiya, me takardar nan taki ta ce, a taƙaice?"

"Yallaɓai, ruwan ya gurɓace. Banɗaki ne ke tsiyaya a ciki. A rufe shi, a riƙa kai musu tanka kafin a haƙa wani."

"Uhm." Ya karkata hular hagu, ya mayar da ita dama. "Alhaji Ubaidullah ya kira ni jiya. Mutumin kirki. Da ya ambaci mahaifiyarsa har muryarsa ta karye. Kin san matsalarku, ku 'yan ɗakin gwaji? Ba ku san jama'a ba. Jama'a ba lambobi suke so ba. So suke su ga mutum ya tsaya a gabansu bai girgiza ba. Yau ki zuba ido ki koya."

"Amma Yallaɓai, za ka ce a rufe ɗin?"

"Za ki ji."

A ƙofar gidan mai unguwa aka taru bayan la'asar. An shimfiɗa wa maza tabarmi, an jera wa manya kujerun roba: mai unguwa, liman, Alhaji Ubaidullah cikin farar shadda, sai baƙi. Mata suna can baya jikin katanga, dab da kwata, wadda ruwan jiya ya cika ta har ta tumbatso, baƙi ƙirin, ledoji suna yawo a kai. Warin yana zuwa yana komawa da iska, ba wanda ya nuna ya ji. Hasiya ta hango Turai a cikinsu, ta yafa mayafinta na fita biki.

A ƙofar gidan nan akwai al'ada: duk maganar da za a yi wa jama'a sai ta bi ta bakin Ila mai shela. Tsohon ɗan kamasho ne a tasha, Allah ya ba shi maƙogwaro, in ya ɗaga murya har bakin rafi ana ji. Aikinsa ba ɗaga magana kawai ba ne, har da yi mata wanka. In wani ya yi ɓaranɓarama a gaban manya, Ila zai gyara ta kafin ta isa kunnen na baya. Shekara ashirin ba a taɓa tashi baram-baram daga taron ƙofar gidan nan ba, kuma unguwa tana alfahari da hakan.

Da aka gabatar da Malam Sharhabil, Ila ya matso zai kama aiki. Malam Sharhabil ya ɗaga masa hannu.

"Huta abinka, Malam Ila. Muryata za ta kai."

Ya fito tsakiyar fili. Hasiya tana kallo ya ware ƙafafu, ya buɗe ƙirji, ya bi goshin jama'a da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Ya yi shiru har aka daina tari.

"Jama'ar Rafin Guza!" Ya ɗaga hannuwansa biyu, ya juya su gaba da baya. "Kun ga ban zo muku da takarda ba. Da zuciyata na zo."

"Allahu Akbar," in ji wani dattijo a gaba.

Kai, wallahi ya iya. Wannan ne ma abin da ya fi ba Hasiya haushi, ya iya ɗin. Muryar ta fito a cike, ba gargada, ba inda-inda. Ya yabi mai unguwa, ya yabi liman, ya yi wa marigayiya addu'a har Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce gwamnati ba barci take yi ba. Ya ce ofishinsu yana da na'urori daga ƙasar waje waɗanda ba abin da ke ɓoye musu. Ya ce damina dama haka take zuwa da 'yan cututtukanta, a riƙa wanke hannu, a riƙa rufe abinci. Duk inda ya tsaya, Hasiya ta san zai tsaya. Duk inda ya dafa ƙirji, ta ga lokacin da ɗan gayun Abuja ya dafa nasa. Ita kaɗai a filin nan ta san cewa ba kome a bayan muryar sai tsiren jiya. Sauran kuwa sun saki baki, har wata mata a baya ta ce, "Ka ji maza!"

Minti ashirin yana zuba, bai ambaci bohol ko sau ɗaya ba. Hasiya ta fara lallashin kanta. Ta ce to, in ya ƙare a haka da sauƙi, bai ce e ba, bai ce a'a ba, gobe sai ta bi gida-gida da takardarta.

Sai Malam Dauda tela ya ɗaga hannu. Tsoho ne siriri, zare a maƙale a gaban rigarsa, jikansa yana kwance asibiti tun ranar Laraba. Bai jira Ila ba.

"Ranka ya daɗe, mu ba mu yi boko ba. Abu ɗaya muka zo ji. Ruwan nan na masallaci, mu sha, ko kada mu sha?"

Hasiya ta gani da idonta. Na ɗan ƙiftawar ido Malam Sharhabil ɗin nan na da ya leƙo, hannunsa ya tashi zai nufi hula. Bai sani ba. Bai karanta ba, kuma abin da ta gaya masa a mota ya bi ta bayan kunnensa ya wuce. Abin da ya rage kawai ya juyo ya ce ga wadda ta gwada, ta yi muku bayani. Ko ya ce a dakata da sha zuwa Litinin. Maimakon haka sai ya mayar da hannun kan ƙirji, ya saci kallon Alhaji Ubaidullah, ya ɗora ido a goshin tsohon, ya yi shiru. Hasiya ta tsinci kanta tana ƙirgawa tare da shi.

"Ku sha!"

Fili ya ɗauki kabbara. Alhaji Ubaidullah ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna motsi. Malam Dauda ya ce, "Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta," ya koma ya zauna. Tir da wannan rana! Mutum ya tsaya a gaban uwayen yara, da hularsa da turarensa, ya ce su ɗura wa 'ya'yansu ruwan masai, don kawai kada a ga ya yi jim.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita dai ta ga kanta a tsaye, kwafin rahoton a hannunta. Tunda take ba ta taɓa magana a gaban mutum fiye da goma ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai unguwa, "ina da magana."

Ko na kujerar kusa da ita da kyar ya ji. Mai unguwa ya dubi Malam Sharhabil, ya ga yana murmushi, sai ya ce, "Bismillah. Ila, ɗauko mana maganar baiwar Allah."

Ila ya matso, ya karkato kunne.

"Ni na gwada ruwan," in ji Hasiya. "Sau uku."

"Hajiya ta ce ita da kanta ta duba ruwan nan!" Ila ya kwarara. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sau uku!"

"Madalla!" in ji jama'a.

"Akwai ƙazantar banɗaki a ciki. Ramin masallaci ne ke tsiyaya."

Ila ya dube ta. Ya dubi liman, ya dubi Alhaji da har yanzu yake share ido. Ba mugu ba ne Ila, aikinsa kawai ya sani, kuma a shekara ashirin bai taɓa barin magana irin wannan ta wuce ta bakinsa tsirara ba.

"Ta ce a ƙara kula da tsaftar banɗakin masallaci!"

"Gaskiya ne," in ji liman, yana gyaɗa kai.

"Ba haka ba. Na ce a daina sha. Kada a ba yara."

"Ta ce a sa ido a kan yara wajen ɗibar ruwa!"

Nan ne abin ya ƙwace mata. Ta juya wa Ila baya, ta fuskanci jama'a, ta tattaro iya ƙarfinta. Muryar da ta fito siririya ce, tana rawa, ta tsage a tsakiya kamar ta zakaran da ya fara koyon cara.

"Ba haka na ce ba! Kashi ne a cikin ruwan! Kashin mutane kuke sha!"

Sai wani ya ce, "A'uzubillahi!" Daga nan aka ɓarke. Ƙyamar da Hasiya ta yi sati uku tana ɗauke da ita ta sauka a fuskokinsu gaba ɗaya, sai dai ba ruwan suke ƙyama ba, ita suke ƙyama. Wata tsohuwa ta tofar da yawu gefe ta ce, "Tir da wannan baki." Wani ya ce, "Ruwan masallaci? Sadakar mamaciya?" Wani kuma ya ce ai dama 'yan bokon nan ba abin da suka bari da albarka. Hasiya ta ɗaga takardar za ta karanta musu lambobin, takardar tana kaɗawa a hannunta har ba ta iya ganin layi. Ta ce, "Taku tara ne… ku je ku auna…" Hawayen takaici suka zubo, waɗanda ta fi tsana a duniya, don duk wanda ya gani cewa zai yi na kunya ne.

Malam Sharhabil ya tako a hankali, ya tsaya a gabanta, ya kare ta da babbar rigarsa kamar mai yi mata sutura.

"Jama'a, ku yi mata uzuri. 'Yarmu ce, yarinya ce mai ƙoƙari. Yau ne ta fara tsayawa a gaban taro, kun dai ga yadda jikinta ke rawa. Tsoron jama'a ne, yana sa mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Mu ma mun yi shi a da." Ya yi 'yar dariya. "Za mu koya mata, in sha Allahu."

Aka yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Kafin a gama naɗe tabarmi, jarkoki sun yi layi a gindin koren tankin.

Da direba ya buɗe mata ƙofa ta ce su tafi, za ta gaida yayarta. Malam Sharhabil ya leƙo ta taga, ba ko alamar fushi a fuskarsa. "Ranar Litinin ki same ni," ya ce. "Matsalarki numfashi ne. Daga ciki ake jawo shi, ba daga wuya ba."

Gidan su Turai gidan haya ne, ɗakuna shida, tsakar gida ɗaya. Hasiya ta tarar da ita ta riga ta iso, ta yi jifa da mayafin bikin a kan katifa. Lubna tana kwance a gefe tana barcin wahala, baki a buɗe.

"Kin kyauta," in ji Turai. "Sannu da aiki. Ke za ki hau mota ki koma Malali, ni ce zan kwana in tashi a layin nan ana nuna ni, ga yayar mai bakin nan."

"Yaya, wallahi tallahi gaskiya na faɗa."

"To in gaskiya ce, me ya sa muryarki take rawa? Me ya kawo kuka? Wanda ya san abin da yake faɗa haka yake yi? Ba ki ga mutumin nan ba? Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, ko ƙifta ido bai yi ba."

Hayaniyar ta tashi Lubna. Ta yi ɗan kukan da ba ƙarfi, ta miƙa hannu wajen bokitin da ke bayan ƙofa. Turai ta ɗauki kofin roba, ta buɗe murfin, ta kamfato. Ruwan garai-garai. Ta durƙusa ta tallafo kan yarinyar.

"Yaya, ajiye kofin nan. Yallaɓai ne ya ce in tsaya in gaya miki."

Turai ta tsaya, kofin a hannu.

Hasiya ta matso, ta rage murya. "Ya ce ba zai iya kunyata Alhaji a gaban jama'a ba, ga shi sadakar uwa ce. Amma ya ce tunda gidan yayata ne, in gaya miki tsakaninmu: kada a sake ba kowa ɗanyen ruwan nan. A tafasa shi sai ya yi ta ɓararraka."

Maganar ta fito sumul, ba rawa, ba sarƙewa, kamar ta shekara tana bitarta. Ɗazu da gaskiya a bakinta ko jimla ɗaya ta kasa kaiwa ƙarshe, yanzu ga ƙarya tana zuba ba ko tuntuɓe.

"Shi ya faɗa?"

"Da bakinsa."

Turai ta dubi kofin kamar yau ta fara ganinsa. Ta miƙe ta watsar da ruwan a tsakar gida, ta goge hannu a zani.

"Ai na sani! Wallahi na ga alama, lokacin da ya yi shirun nan kafin ya amsa. Ashe nauyin Alhaji yake ji. Kai, babban mutum daban ne! Ka ga wanda ya san ya kamata, ya rufa wa mamaciya asiri, kuma bai bar mu a duhu ba. Allah ya saka masa da alheri, Allah ya ƙara girma." Tana magana tana jawo kurfoti, ta zazzage sauran gawayin da ke leda, ta ɗora babbar tukunya. "Yi haƙuri Lubna, yanzun nan. Ke kuma da kin yi shiru tun farko ai da ba a yi wannan abin kunya ba."

Hasiya ta ce, "To Yaya, sai ki gaya wa maƙwabta. Ki fara da na gidan nan."

"Wa? Ni?" Turai ta dafa ƙirji. "Mutum ya ba mu amana, in je in tona shi? In ta fita ta kai kunnen Alhaji, aikinsa fa? Ke ba ki da hankali ne? Wallahi ba mai jin ta a bakina, ko mijina cewa zan yi likita ne ya ce."

"Yaya, yaransu…"

"Na rantse, Hasiya. Kada ki sa in yi kaffara."

Aka yi sallama daga zaure. Samira ce, amaryar ɗakin ƙarshe, ta shigo tana rinjayar jarka cike, ruwa yana zuba a ƙafarta, jaririnta ɗan wata bakwai a goye. Turai ta gyara zama, ta kare tukunyar da jikinta, tana fifita gawayi.

"Maman Lubna, kin dai ji da kunnenki," in ji Samira, tana haki tana murna. "An ce mu sha."

"Na ji," in ji Turai. "Alhamdulillahi."

Hasiya ta buɗe baki. "Samira, ruwan nan…" Rawar ta dawo tun a kalma ta biyu, ta ji ta a wuya, ta ji ta a leɓe.

Samira ta dube ta da tausayi na gaske. "Ayya, Anti, har yanzu jikin bai daina ba? Sannu. Ki samu ki zauna ki huta."

Ta gyara goyonta, ta ja jarkar ta shige ɗaki.